Littafina Ya Cika Tsabta

Kabiru da Nafisa, wannan babin na tarihin rayuwata dominku ne, kuma na daɗe ina ɗaga shi saboda duk lokacin da na ɗauki biro sai raina ya ɓaci. Ranar sunan ɗiyar Nafisa, ina zaune a ƙofar gida ana rabon goro, na ji Kabiru yana ba abokansa labari yana dariya, wai Baba ya taɓa yin barci a bakin aiki har kwamfutar mutane ta ƙone. Ban tanka ba, don akwai baƙi, amma ban iya cin abincin sunan ba. Na san ba kai ka ƙirƙiro maganar ba, Kabiru. A bakin kawunka Garba mahauci ka tsince ta tun kana ƙarami, kuma duk Agege haka suke faɗa. Sai dai ƙarya ce daga farkonta har ƙarshenta. Ban yi barci ba, kuma babu abin da ya ƙone.

Kun san na yi shekaru ina dako a kasuwar Ketu a nan Legas, ina sauke kwandunan tumatir da buhunan albasa, har bayana ya ce ya gaji. Wani bawan Allah da muke sallah tare ya samo mini aiki a wani ƙaramin kamfani a Ikeja. Aikin kamfanin shi ne ba 'yan kasuwa hayar wuri a cikin manyan kwamfutoci, irin mutanen Alaba masu sayar da kaya ta waya. Kwamfutocin suna cikin wani ɗaki mai sanyi a hawa na biyu, ana ce musu saba, an jera su a kanta ta ƙarfe. Ni aikina da rana ne: kowace awa in shiga in duba ma'aunin zafi da ke jikin bango, in tabbatar esi biyun, wato na'urorin sanyaya ɗaki, suna aiki, in an ɗauke wuta in ga janareta ya karɓa, sannan in rubuta a littafi. Shi ke nan. Kun kuma san halina. Ni ne mutumin da ke sauka daga danfo, bas ɗin haya, a tsakiyar hanya ya koma ya taɓa kwaɗon da ya riga ya taɓa sau uku. Mutum irina ne wai zai yi barci a bakin amanar mutane.

Laifina ɗaya ne, kuma zan faɗe shi tun yanzu don kada a ce na wanke kaina da yawa. Littafin da suka ba ni mai kyau ne, bangonsa mai tauri, layukansa a tsare. Ni kuwa firamare kaɗai na yi, kuma in na yi rubutu a tsaye sai ya karkace kamar kayan da aka ɗaure a gefe guda. Na ji tsoron in ɓata musu littafi, a ce mutumin nan bai dace da ofis ba. Sai na riƙa yanka kwalin madara ƙanana ina sawa a aljihu. In na tsaya gaban ma'auni sai in rubuta abin da na gani da fensir a jikin kwali. In lokacin tashi ya yi sai in zauna, in goge hannuna, in kwafe duka a littafi da shuɗin biro, a hankali, har da rula. Kwalayen ba na zubar da su, don ba na iya zubar da takarda mai rubutu. Ina kawo su gida ina tarawa a wani buhu bayan ƙofa.

A shekarar da nake magana, masu haya sun ƙaru ƙwarai. Sai saba ɗaya, ta uku in ka shigo daga ƙofa, ta fara wani irin kuka tsakanin azahar da la'asar. Fankokin cikinta suna ihu kamar danfo mai hawa gada da lodi. Ɗakin kuwa sanyi ƙalau, har sai na sa rigar sanyi in zan shiga. Ma'aunin bango bai taɓa wuce inda aka ce kada ya wuce ba. Amma in ka kai tafin hannu bayan wannan sabar, iskar da ke fita kamar bakin tanderu. Sau uku ina zuwa wurin manaja, Oga Dele, ina gaya masa. Na farko ya ce ya ji. Na biyu bai ɗago kai ba. Na uku ya ce da ni an ɗauke ni ne in kalli bango, ba in yi wa injin gwajin asibiti ba. Da baki na gaya masa duka ukun. Ni da nake rubuta komai, wannan kaɗai ban rubuta ba, saboda babu layinsa a littafi.

Wata Talata bayan azahar kukan ya yi tsanani, sai kuma ɗif. Sabar ta kashe kanta. Daga baya na ji cewa haka aka ƙera su, in zafi ya kai musu wuya sai su tsaya don kada su lalace. Amma a ranar, 'yan kasuwa da yawa cinikinsu ya tsaya cak, wayoyin ofis suka yi ta ƙara, har masu kamfanin suka zo da kansu. Kafin magariba an tayar da ita. Washegari aka kira ni ofishin Oga Dele. Littafina yana buɗe a kan teburinsa. Lissafinsa mai sauƙi ne: injin ya yi zafi, to ɗaki ne ya yi zafi, littafi ya ce ɗaki bai yi zafi ba, to littafi ƙarya ne. Ya ɗaga shi yana juya shafuka a gaban kowa.

"Malam, dubi nan. Biro ɗaya, hannu ɗaya, babu gogewa, babu ko ɗigon zufa. Mutumin da ke shiga yana fita kowace awa ba ya rubutu haka. Wannan zama ɗaya aka yi aka zana shi."

Na ce gaskiya ne zama ɗaya nake rubuta shi, amma kwafa nake yi daga na asali. Na ga fuskokinsu sun canja, na gane na ba su abin da suke nema da bakina. Ya ce to in je in kawo na asalin.

Ban taɓa ganin hanyar Agege ta yi nisa kamar ranar ba. Na tarar da mahaifiyarku Asabe a tsakar gida tana fifita kurfoti. Na wuce bayan ƙofa na jawo buhu, na ji shi sakayau. Abin da ya rage bai kai kwata ba. Na fito da shi a hannu na tambaye ta. Ta dube ni, ta dubi buhun, ta ce ai kwali ne, da shi take hura gawayi tun da damina ta sauka, ya fi leda kamawa kuma ba ya wari. Daga sama take ɗiba. Wato sababbin ta fara ƙonawa, na wannan makon da na makon jiya da na watan da ya wuce. Waɗanda suka tsira tsofaffi ne, na lokacin da babu wanda ke tuhumata da komai. Na ɗaga mata murya a gaban maƙwabta, abin da ban taɓa yi ba tun aurenmu. Ba ta rama ba. Abin da ta ce kawai shi ne:

"Malam, shekara nawa kana tara su, ka taɓa gaya mini ko mene ne?"

Ban taɓa ba. Kunya nake ji a san ina rubutu sau biyu. Har yau ina neman gafararta a kan wannan tsawar, ita kuma takan ce ta manta, amma na san ba ta manta ba.

Na kai abin da ya rage. Oga Dele ya ɗauki guda da yatsa biyu, ya karanta sunan madarar da ke bayansa da ƙarfi, aka yi dariya. Ya ce in je in ci gaba da aiki, zai neme ni.

A kamfanin akwai wata injiniya, Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, ba ta daɗe da zuwa ba. Ita kaɗai ke gaishe ni da Hausa, tana ce mini Baba. A ranar nan da rana ta same ni a kan matakala na kasa cin abinci. Ta zauna matakala biyu ƙasa da ni, ta ce ta san littafina gaskiya ne, domin ba ɗaki ne ya yi zafi ba, ƙwaƙwalwar injin ce ake ba aikin banza. Na ce ta yi mini bayani yadda ɗan dako zai gane. Ta ce sabar nan kamar gidan haya take. Jikinta ɗaya, amma an raba cikinta zuwa kwamfutoci da yawa marasa jiki, kowane ɗan kasuwa da tasa, kowa yana ganin shi kaɗai ne a gidan. Ƙofar fita kuwa ɗaya ce, wani ɗan kati inda waya ke shiga. Duk saƙon da ɗan haya zai aika waje, sai ƙwaƙwalwar ta kwafe shi tukuna daga ɗakinsa zuwa ɗakin mai gida, sannan a miƙa wa ƙofa. Da masu haya ba su da yawa, ba a ji ba. Yanzu da rana, lokacin ciniki, ƙarfinta yana ƙarewa ne a kwashe kaya daga nan zuwa can, kayan da ba su canja ko kaɗan ba.

Na ce mata ai wannan Ketu ce. Tirela ta zo, a sauke kwanduna a ƙasa, sannan a sake ɗaga su a loda a akori-kura. Dako biyu, kaya ɗaya, tumatir ya farfashe, bayan mutane ya mutu. Shugaban 'yan dako mai hankali ba ya yarda da haka. Cewa yake ƙaramar mota ta matso da baya ta manne da tirela, a nuna mata kayanta ta ɗauka. Rifkatu ta tafa hannu sau ɗaya, ta ce abin da take son yi ke nan: ƙwaƙwalwa ta daina ɗauka, ta dai nuna wa ƙofa inda kayan yake, ƙofa ta ɗauka daga can kai tsaye.

Amma kun san ni, ba na jin magana mai daɗi ban nemi inda za ta ɓaci ba. Na ce idan an nuna wurin, ƙofa ba ta kai ga ɗauka ba, mai ɗaki ya zuba sabon kaya a wurin fa? Ai sai a aika wa mutum kayan da ba nasa ba. Ta dube ni ta ce:

"Baba, wannan tambayar ita ce duk wahalar aikin. Dole a tsare wurin, kada kowa ya taɓa, sai ƙofa ta ce na ɗauka. Shi ya sa nake son a ba ni lokaci in gwada. Oga bai taɓa yi mini wannan tambayar ba."

A nan ta gaya mini abin da ya sa jinina ya hau. Tun watanni ta rubuta wa Oga Dele cewa sabar nan tana shan wahala a kan kwafe-kwafe, a bar ta ta gyara. Ya ƙi, domin shi ya tsara injin da hannunsa kafin ta zo, kuma ba ya son masu kamfani su ji cewa yarinyar da aka ɗauka jiya ta ga abin da bai gani ba. Wato ranar da ya ɗaga littafina yana juyawa a gaban mutane, ya san ainihin abin da ya faru. Ya sani sarai. Ya duba ofis ɗin nan kaf, ya zaɓi wanda ba ya jin Turanci sosai, wanda ba shi da kowa a sama, ya ɗora masa. Shekara nawa ke nan, amma har yau ban huce ba.

Rifkatu tana bukatar kamar mako biyu. Masu kamfani kuwa suna son sunan mai laifi kafin Juma'a, don su gaya wa 'yan kasuwa an hukunta wani. Ranar Alhamis Oga Dele ya kira ni ni kaɗai. Yau da fara'a, har da ba ni kujera. Ya miƙo takarda, ya ce ba wani abu ba ne, in sa hannu cewa esi ɗaya ya tsaya ban lura ba, kuma na cika littafi daga baya. Gargaɗi ne kawai, aikina yana nan, shi zai tsaya mini. In ban sa ba, ba shi da yadda zai yi. Ya ce in tafi da ita gida in yi tunani.

Da la'asar aka zauna a kanta a tsakar gidanmu. Kawunku Garba ya zo daga kwata ko wanka bai yi ba. Ƙanen matata ne, yana da damar tsokanata, kuma bai taɓa barin damar ta wuce ba. Ya ce in sa hannu mana, takardar Ikeja wa zai karanta ta a Agege? Ya ce shi ya sa hannu a takardu sun fi gashin sa bai san abin da ke ciki ba, ga shi nan da ransa. Ya ce mutumin da ke da yara a makaranta da bayan da ya mutu ba ya fushi da kujera. Na ce esi bai tsaya ba. Ya ce to esi ɗin ne zai kai ni ƙara? Na ce in na sa hannu na shaida cewa duk abin da na rubuta tun zuwana ƙarya ne, kuma a bar Rifkatu da gaskiyarta a hannu, a ce mata an riga an gano mai laifi. Ya ce:

"Malam Isuhu, kai dai a kan kwalin madara za ka kashe gidanka."

Asabe tana gefe tana tsince shinkafa. Tun tsawar da na yi mata ba ta yi mini doguwar magana ba. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"Ni na ƙona su, na ga rubutun da ke jiki. Kowace awa da layinta. In ka sa hannu, ba za ka ƙara yin barci a gidan nan ba, mu ma ba za ka bar mu mu yi ba. Mayar musu da abarsu."

Ranar Juma'a da safe na ajiye masa takardarsa yadda ya ba ni. Fara'ar ta tafi nan take. Ya karɓi makulli, ya sa mai gadi ya raka ni ƙofa kamar wanda ya ɗauki wani abu. Ban sani ba ko tsoro na ji ko fushi, na dai tuna ina cikin danfo ina ta tunanin wa zai duba ma'aunin ƙarfe goma sha ɗaya.

Abin da ya biyo baya kun rayu a cikinsa, ko da ba ku san dalili ba. Kabiru, shekarar ce aka cire ka daga makarantar nan mai shuɗin yunifom, ka yi kwana biyu ba ka yi mini magana ba. Nafisa, shekarar ce mahaifiyarku ta fara soya ƙosai a bakin layi, kike tashi da warin hayaƙi a kayanki. Na yi wata da watanni ina neman aiki, duk inda na je labari ya riga ni. Daga "an ce ya bar esi ya tsaya" ya koma "ya yi barci", daga nan ya koma "ya ƙona kwamfuta". Kowane baki ya kwafa sai ya ƙara nasa. A ƙarshe na samu gadin shagon fata, inda na zauna har ƙarfina ya ƙare. Ba na cewa abin da na zaɓa bai cutar da ku ba. Ya cutar, kuma na yi ta auna shi shekara da shekaru. Amma ba ni ne na ɗora muku ba.

Kamar wata guda bayan korata, wata Lahadi da rana, okada ya tsaya a ƙofar gida. Rifkatu ce, daga coci take, ta yi ta tambaya har ta same mu. Ta durƙusa ta gaida Asabe, ta sha ruwa, sannan ta ciro takarda guda daga jaka. Zane ne na wahalar da ƙwaƙwalwar sabar ke sha kowace rana. A ɓangaren hagu layin yana hawa kamar tsauni duk bayan azahar. A tsakiya ta ja layi da jan biro, ranar da ta yi gyaran. Daga nan zuwa dama, tsaunin ya zama ɗan tudu. Ɗakin nan ne, esi ɗin nan ne, 'yan hayan nan ne, ba a canja ko ɗaya ba. Ta ce har bayan tafiyata sabar ta sake kashe kanta sau ɗaya, da sabon mutum a bakin ma'auni, shi ya sa aka bar ta ta gwada. Yanzu fankokin sun yi shiru. Na tambaye ta ko ta tabbatar ana tsare wurin har ƙofa ta ɗauka. Ta yi dariya har da hawaye, ta ce ta tabbatar, Baba, sau uku.

Sai na tambayi abin da ya rage, wato maganata. Ta sunkuyar da kai. Ta ce ta nuna wa masu kamfani, ta ambaci sunana a gabansu. Sun yaba wa Oga Dele da ya jagoranci gyara. Game da ni kuwa, sun ce an riga an cike gurbin, kuma maganar ta wuce. Ta wuce. A wurinsu ta wuce.

Da yamma na ɗauki takardar na kai majalisa, inda aka fi cin namana. Na miƙa wa Garba. Ya riƙe ta a kife, ya ce wannan ai irin takardar da ake ba mai ciwon zuciya ce a asibiti, Allah ya ba ni lafiya. Aka kwashe da dariya. Na fara bayanin tirela da akori-kura, wani ya ce a bar Malam Isuhu, tun da ya shiga ɗakin sanyi kansa bai dawo daidai ba. Na karɓi takardata, na ninke, na tafi gida. Ban sake nuna wa kowa ba.

Tana nan a cikin gwangwanin da ke ƙasan akwatina, tare da kwalaye goma sha wani abu daga cikin waɗanda suka tsira daga kurfoti, da sa hannun Rifkatu a ƙasanta. Kabiru, kai ka yi karatun da ban yi ba, za ka gane zanen da kallo ɗaya. Abokanka da suka yi dariya ranar suna, na san su duka, na san iyayensu. Ka kira su gidan nan tun ina da rai. Kada ka ɗauki hotonta a waya, kada ka kai a buga wata, kada ka ba su labari da bakinka. Ka buɗe gwangwanin, ka sa musu ita kanta a hannu.